Yara na zuwa da kumburin wuya, iyaye sun ce beli ne

Tambaya: Anti, ni nas ce a wani ƙaramin asibiti a wajen Daura. Ana kawo mana yara da zazzaɓi da kumburin wuya, wasu har an riga an cire musu beli. Ina da goyo, wallahi tsoro nake kada in kwaso wa ɗana mashaƙo. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, tsoronki yana kan hanya. In kin daɗe rabonki da allurar Td ta rigakafin mashaƙo, je ki karɓa. Ɗanki kuma a cika masa allurar Penta uku ta jarirai, wadda ta haɗa da rigakafin mashaƙo, a sati na 6, 10 da 14. Kada ki leƙa maƙogwaron yaron da aka kawo babu takunkumi da safar hannu. Ki keɓe shi, ki sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko ki kira hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232.

Maganar belin nan kuwa ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun annobar mashaƙo ta 2023 da ta addabi Kano da Yobe da Katsina muke fama da ita. Yaro ya kasa haɗiya, kaka ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Ya danne harshe, ya ga fatar nan mai ruwan toka da mashaƙo ke haifarwa manne a maƙogwaro, sai ya kankare ta ko ya datse beli. Fatar nan ba ta ɓamɓaruwa sai da jini, in ta ɓalle kuma tana iya toshe numfashi. Dafin cutar kuwa ina ruwansa da aska? Jini yake bi ya kama zuciya, a ga yaro kamar ya samu sauƙi, bayan sati ɗaya ko biyu ya yanke jiki ya faɗi. Allurar kashe dafi tana aiki ne kafin dafin ya kama jiki, to kwanakin da aka ɓata ana ɗura jiƙo ana jiran miki ya warke, wa zai dawo da su? Daga nan kuma wanzamin ya kwashi kayansa ya shiga gida na gaba.

Sai dai kada ki yi wa uwar tsawa, sau da yawa ba ita ta yanke shawara ba. Nemi maigidan da kakar, ki sa mai unguwa ya haɗa ku da Sarkin Aska, a roƙe shi duk yaron da yaransa suka gani da wannan fata su turo shi asibiti ba tare da sun taɓa ba. Mutanen gidan kuma a ba su maganin kariya, a duba katin rigakafin kowane yaro.