Bututun masai na haɗaka ya toshe: wa zai biya?

Jiya muna dawowa daga Agege ka tambaye ni abin da ya hana ni zura rodin buɗe bututu da muka isa gidan nan, alhali ga ƙazanta ta malale tsakar gida, yara na tsallake ta. Ka kuma ce, tunda gidaje huɗu ne a kan bututu ɗaya, wa ma zai biya mu? Hayaniyar danfo ba ta bar ni na amsa maka ba. To ga amsar, ɗana, ka karanta a natse.

Ka fara sanin garin da kake aiki a cikinsa. A Legas wuraren da gwamnati ta shimfiɗa babban bututu mai kai ƙazanta matata ba su da yawa: irin su Abesan a Ipaja, Oke-Afa a Isolo da Iponri, rukunan gidajen da aka gina zamanin Gwamna Lateef Jakande, tsakanin 1979 da 1983, sai kuma sakatariyar Alausa. Nan ne za ka ji ana maganar ofishin kula da gurɓataccen ruwa na jiha, LSWMO. Amma a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwannin da muke yawan aiki, kowa da tankinsa da sokawensa, wato ramin da ruwan tanki ke tsiyaya ƙasa ta shanye. Abin da ya toshe bayan katanga na masu katanga ne, babu ofishin da zai turo mota ya gyara. Haɗakar kuwa yawanci gado ne ya haifar da ita. Fili ɗaya ne na mutum ɗaya, ya rasu, 'ya'ya suka raba, aka ja katangu, wani ya sayar da rabonsa. Bututun da ke ƙasa bai san an yi rabo ba.

Kafin ka tambayi wa zai biya, tambayi ina ya toshe. Ka ga yadda na yi jiya. Ban saurari kowa ba sai da na bi cembobin nan, wato ramukan duba bututu masu murfi, ɗaya bayan ɗaya, daga gidan sama har zuwa tanki, ina ɗaga murfi. Ta farko cike, ta biyu cike har baki, ta uku ba mu gan ta ba, ta huɗu a bushe, sai ɗan danshi da kyankyasai. Toshiya tana tsakanin cemba ta ƙarshe da ta cika da ta farko da ke wayam, kullum haka ne. Da gida ɗaya ne kawai masansa ba ya wucewa, babban layi kuma na tafiya, to reshensa ne, shi kaɗai zai biya, ba sai an tara kowa ba. Da kuwa duk cembobin sun cika har ta bakin tanki, ba toshiya ba ce ma, tanki ne ya cika, mota za a kira.

Namu na jiya a babban layi yake, kuma nan rigimar take. Ƙazanta ba ta fitowa a gidan mai laifi, tana fitowa ne a inda ya fi gangare kafin a kai ga toshiyar. Shi ya sa dattijon gida na biyu yake ta faɗa, maƙwabta kuma suna cewa ai a gidanka ta fito, kai ka sani. Ba gaskiya ba ne. Shi dai tsautsayi ya sa cembarsa ta fi ta kowa ƙasa. Haka nan wanda bututu ya ratsa ta ƙarƙashin filinsa ba shi kaɗai ke da shi ba don kawai ƙasarsa ce a sama. Abin da nake bi, kuma na ga dattawa suna yarda da shi, shi ne duk gidan da ruwansa ke bi ta wannan gaɓar da ta toshe yana da kaso a kuɗin gyara. Mai gida na huɗu da ya haɗu da layi a ƙasa da toshiyar, ruwansa bai taɓa bi ta wurin ba. In ya bayar, haƙƙin maƙwabtaka ya duba, ba bashi ya biya ba.

Sai dai in an gano musabbabi. A nan ne aikinmu ya zama shaida, kuma nan ne dalilin da ya sa na hana ka zura rodi.

Shekarun baya, ina ɗan sama da kai kaɗan, aka kira ni wani gida a Idi-Araba. Ina zuwa na ga halin da mata ke ciki, tausayi ya kama ni, na haɗa rodi na tura. Minti ashirin sai ji na yi fuuu, ruwa ya wuce, kowa na sa mini albarka. Da na ce a kawo kuɗi, sai aka fara kallon-kallo. Wanda ya kira ni ya ce ai ba shi ya toshe ba, mai sayar da abinci ce ke zuba man ja da ruwan wanke-wanke. Ita ta rantse famfas ɗin jariran gidan sama ne. Aka ce to fulamba ya faɗa. Me zan faɗa? Na riga na tura shaidar cikin tanki da hannuna. Sati uku ina zarya, ƙarshe ko kuɗin mota ban mayar ba, kuma gidaje biyu suka daina gaisawa.

Tun daga ranar ba na taɓa layin haɗaka sai an yi abu biyu. Na farko, a tsayar da mutum ɗaya wanda zai ba ni kuɗina, su kuma su je su raba a tsakaninsu yadda suka ga dama. Na biyu, in sa ragar waya a bakin cembar da ke ƙasa, yadda duk abin da rodi ya turo zai tsaya, in kwashe shi a bokiti a gaban wakilin kowane gida, in ɗauki hoto da waya. Abin da ke fitowa yana magana. Kitse da man ja suna daskarewa su yi fari-fari kamar sabulu, su rage bututun inci huɗu ya koma kamar na inci biyu. Ledar fiya wata, famfas, audugar mata, gashin kanti da ake kitso da shi, waɗannan sukan sarƙe su zama dunƙule. In ka ga yashi da jar ƙasa, bututu ya fashe ko ya rabu a mahaɗa. In saiwa ce, nemi bishiyar. In kuma ba ka sami komai ba sai laka, kuma bayan wata biyu aka sake kiranka, to gangaren ne bai yi ba. Bututun inci huɗu yana son ya sauka kamar inci ɗaya a kowane inci arba'in, kuma ƙasar Legas mai ruwa takan zauna ta bar shi da ciki a tsakiya. Wannan ba laifin kowa ba ne, na kowa da kowa ne.

Amma ka kiyaye bakinka. Ka ce ga abin da na ciro, ga inda na ciro shi. Kada ka ce wance ce ta zuba. Gida huɗu, wa ba ya soya miya? Kai za ka tafi, su za su kwana katanga ɗaya.

Tsakanin mai gida da ɗan haya kuwa akwai doka. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya a kansu, ɗan haya kuma kula da inda yake zaune, sai fa in yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu daban. Dokar ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba. Saboda haka in kiyateka ya ce 'yan haya su yi karo-karo don bututun da ya fashe a ƙasa saboda tsufa, ka ce a duba takardar haya tukuna. In sulhu ya gagara a gaban masu unguwa ko fadar Sarkin Hausawa, akwai cibiyar sulhu ta jama'a a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jiha, kyauta suke zama da mutane. Gara a je can kafin duba-gari su zo, don su gidan da suka ga ƙazanta suke fara miƙa wa takarda.

Kuɗin motar kwashe tanki ma kada ka yarda a ce maka a raba huɗu daidai. Gidan haya na fes-mi-ai-fes-yu, mai ɗakuna suna kallon juna har goma sha biyu, ba ɗaya yake da gidan mata da miji da yaro guda ba. Ni nakan ba da shawara a ƙirga ɗakuna. Kuma a Yuni da Yuli, da ruwa ya ƙoshi ƙasa sokawe ya daina sha, za ka sami mai ce maka ka zo da dare ka huda masa ya riƙa zuba a kwata. Doka ta hana, kuma kwatar nan ita ce ke shiga ɗakunan mutane ran da aka yi ambaliya. Shiga cikin tanki kuwa ko nawa za a ba ka kada ka soma. Iskar ciki tana kayar da ƙato kafin ya yi ihu, mai shiga ceto ma ya bi shi.

Cemba ta uku da ba mu gani ba, ina kyautata zaton tana ƙarƙashin shagon nan na caji da aka gina a jikin katanga, don na ga simintin daɓensa sabo ne. In haka ne, ko dai an rufe ta da kankare, ko ma birkila ya wanke kwanon siminti a ciki. Na gaya wa mai shagon ba zan fasa masa daɓe ba sai ya yarda da bakinsa a gaban sauran ukun, an kuma faɗi wanda zai mayar da shi. Sun ce za su zauna yau bayan isha'i. In dattijon ya kira ni, gobe ƙarfe bakwai mu haɗu a Pen Cinema da ke Agege. Ka taho da rodi duka, da ragar, da guduma da kurfi, da safar hannu biyu, don taka ta jiya na ga ta huje a babban yatsa.