Rabi da Saudatu, da Innata a gefe

Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa, kin tambaya wace uwa da 'yarta muka karanta a littafi suka tsaya mana a rai har yau. Ni ba sai na yi dogon tunani ba: Rabi da Saudatu, na cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990.

Sai dai ba labarin kaɗai ya sa ba, har da yadda na karanta shi. Ina aji biyu a sakandare lokacin, muna zaune a Gwammaja. Hayar littafi muke yi wajen wani mai shago a bakin layi, kullum da kuɗinta, in bango ya yage kuma ki biya. Cikin jakar islamiyya nake cusa shi. Ranar da Inna ta kama ni na sadaƙar dukan tsiya zan sha. Sai ta karɓa ta jujjuya shi, don ba ta yi boko ba, ta ce, "Ke, me ke ciki?" Tun daga daren, in an yi isha'i, tana wanke shinkafar wainar gobe, ni ina gefen tabarma da fitilar ƙwai ina karanta mata.

Ga wadda ba ta karanta ba: Alhaji Abdu ya auro Delu, ya sako Rabi waje da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har Allah ya kawo wa Saudatu miji, Alhaji Abubakar. Abin da ya kama ni shi ne son da Rabi ke wa 'yarta yana cikin hayaƙin murhu ne, da tsare mutuncin yarinya a lokacin da uban ya juya baya. Irin wannan son na sani a gidanmu. Ni 'yar fari ce, kuma ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" ce ni, ko "waccan" in tana ba wa maƙwabciya labarina. Da ina jin haushin hakan. Shekaru bayan nan na ci karo da wannan kunyar a littafin Abubakar Adam Ibrahim na Turanci, Season of Crimson Blossoms, na 2015, inda Hajiya Binta ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, kodayake can namiji ne.

Shi ya sa wasu littattafan da ake turowa a waya yanzu ba sa shiga ta. Ko dai a kashe uwar tun shafi na biyu don kishiyar uwa ta samu filin gallaza wa marainiya, ko a kawo wata Momy da 'yarta suna tafawa kamar ƙawaye. Ban ce babu irinsu a Kano ba, amma a layinmu ban gan su ba.

Ƙarshen littafin ne ya raba mu da Inna. Da wuta ta cinye shagon Alhaji Abdu ya tsiyace, aka zo ana lallashin Rabi ta koma masa, sai na ajiye littafin na ce wallahi an cuce ta, in ni ce ko ƙofar gidan ba zan kalla ba. Inna ba ta ɗago ba. Tana tsiyaye ruwan shinkafa ta ce, "Ke yarinya ce. Mai 'ya mace a gidan miji ba ita kaɗai take yanke wa kanta hukunci ba." Har yau ban yarda da komawar Rabi ba, ko da yake yanzu da nake da tawa 'yar budurwar bakina ya ɗan yi sanyi.

Da muka gama, na ɗauka zan mayar wa mai shago washegari. Inna ta ce a'a, in koma mata wajen auren Saudatu. Sau biyu na sake karanta mata wurin, tana ta cewa "Allah sarki", ba ta ko kallon inda nake. Kwana uku littafin ya ƙara a hannunmu, kuma daga cinikin waina ta ƙirgo min kuɗin hayar.