Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zai Fara Wasa, Wa Zai Jira a Benci?

A wannan makon mun zaɓo wasiƙu huɗu daga masu karatu, dukkansu a kan yadda ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙwararru ya kamata ta jera 'yan wasanta a fili, da yadda za ta amfana da waɗanda ke zaune a benci.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina kallon gasar NBA ta Amurka, kuma abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda wani lokaci ɗan wasan da ya fi wasu daga cikin biyar ɗin farko ƙwarewa yake zaune a benci idan aka fara wasa. Me ya hana koci ya tara gwanayensa biyar su fara gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar wanda zai fara, yana da kyau a fara da lissafi. Wasan NBA minti 48 ne, an raba shi zango huɗu na minti 12, kuma a kowane lokaci mutum biyar ne a fili, don haka minti 240 ne koci zai raba tsakanin 'yan wasansa. A wasannin da ke bin dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, inda ake buga minti 40, jimillar ta zama 200. Galibi biyar ɗin farko ba sa wuce minti shida ko bakwai tare kafin a yi canjin farko, kuma da yake ƙwallon kwando ta yarda wanda aka fitar ya sake komawa fili sau nawa ake so, aikin koci shi ne ya tabbatar cewa babu wani minti a cikin wasan da za a samu biyar ɗin da ke fili sun rasa abin da ake bukata.

Abin da ake bukata kuwa sananne ne. Ana son wanda zai riƙe ƙwallo ya tsara hari, ana son aƙalla mutum biyu ko uku da abokan hamayya ke tsoron jifarsu daga nesa domin fili ya buɗe, ana son wanda zai iya tsare gwanin ɗaya ɓangaren, sannan ana son wanda zai kare bakin kwando ya kuma cafke ƙwallon da ta dawo bayan an yi jifa ba ta shiga ba. Ƙwallo ɗaya ce a fili, kuma daƙiƙa 24 kawai ƙungiya take da su ta yi jifa. Idan aka tara mutum huɗu waɗanda kowannensu sai ƙwallo tana hannunsa yake da amfani, uku daga cikinsu za su tsaya suna kallo, alhali da a ce ɗaya ya jira a benci, da ya shigo ya samu ƙwallon a hannunsa a daidai lokacin da sauran suka fita hutawa, kuma ya tarar da 'yan bencin abokan hamayya waɗanda ba su kai shi ba.

Wannan dabara ta tsufa. Red Auerbach, kocin Boston Celtics, shi ne ya shahara da ita tun shekarun 1950, lokacin da yake ajiye Frank Ramsey a benci da gangan, daga baya kuma John Havlicek ya gaji wannan matsayi a farkon shekarunsa. Havlicek ya ci kofi takwas da Celtics, kuma har yau shi ne ya fi kowa tara maki a tarihin ƙungiyar. Tun kakar wasa ta 1982 zuwa 1983 NBA take ba da kyauta ta musamman ga gwarzon ɗan benci, wanda ake kira mutum na shida, kuma Bobby Jones na Philadelphia ne ya fara karɓa. Misalin da ya fi burge ni shi ne Manu Ginóbili ɗan ƙasar Ajantina, wanda ya buga mafi yawan wasanninsa a San Antonio Spurs daga benci, ya karɓi wannan kyauta a 2008, ya kuma ci kofi huɗu. Babu wanda ya san wasa da zai ce Ginóbili bai isa ya fara ba. Kocinsa Gregg Popovich ya lura cewa Tim Duncan da Tony Parker sun wadatar wajen buɗe wasa, kuma inda ƙungiyar ta fi bukatar Ginóbili shi ne lokacin da waɗannan biyun suka zauna. Idan wasa ya zo ƙarshe kuma maki sun yi kusa, su ukun ne a fili tare.

Ko da gwanayen biyu duka suna cikin masu farawa, koci mai lura yakan bambanta lokacin hutunsu. Haka Mike D'Antoni ya yi a Houston a kakar 2017 zuwa 2018 da James Harden da Chris Paul: su fara tare, ɗaya ya fita da wuri, ya dawo lokacin da ɗayan zai huta, ta yadda idan dukansu suna da lafiya da wuya a ga ƙungiyar ba ɗayansu a fili. Sun ci wasa 65 cikin 82 a wannan kaka. Saboda haka idan kana son sanin wanda koci ya fi amincewa da shi, ka duba yawan mintocin da ya ba shi, ka kuma duba ko yana fili a minti biyar na ƙarshe.

Tambaya: Ƙungiya tana ɗaukar 'yan wasa da yawa tana biyan su albashi, amma sai in ga wasu ba sa taɓa ƙwallo har a tashi. Mutum nawa ya dace koci ya riƙa amfani da su, kuma me ya sa ba a raba lokaci daidai wa daida?

Amsa: Malama, ƙungiyar NBA tana iya riƙe 'yan wasa 15 a kan cikakkiyar kwantiragi, a gasannin FIBA kuma mutum 12 ake rubutawa a kowane wasa, amma da wuya koci ya yi amfani da su duka. Ɗauki misali: idan biyar ɗin farko suka buga minti 34 kowannensu, sun cinye 170, saura 70. Mutum na shida zai iya ɗaukar 26, na bakwai 18, na takwas 16, na tara 10, shi ke nan lokaci ya ƙare. Duk wanda za a ƙara bayan wannan, daga rabon wani za a yanko masa, kuma ɗan wasan da ake sa wa minti huɗu a cire shi bai samu damar da jikinsa zai yi ɗumi ba, balle hannunsa ya saba da kwando. Shi ya sa a ganina mutum tara ko goma ne daidai a tsawon kaka, kowannensu ya san lokacin shigarsa da aikin da aka sa shi. Ɗan benci da ya san cewa zai shiga saura minti huɗu a gama zangon farko yana shirya kansa, wanda kuwa bai san ko zai shiga ba yakan shigo da fargaba, yana neman ya nuna kansa a jifa biyu.

Wasa 82 ba ƙaramin nauyi ba ne, ga tafiye-tafiye, ga lokutan da ake buga wasa dare biyu a jere. Zamanin da Wilt Chamberlain ya buga matsakaicin minti 48.5 a kowane wasa, har da ƙarin lokacin da ake yi idan an tashi kunnen doki, a kakar 1961 zuwa 1962, ya wuce, domin gudun wasan yau da faɗin filin da mai tsaro ke rufewa sun sha bamban da na wancan lokaci. Spurs ta kakar 2013 zuwa 2014 ta nuna iyakar abin da benci mai zurfi zai iya yi: babu ɗan wasanta ko ɗaya da matsakaicinsa ya kai minti 30, amma ta ci wasa 62, ta kuma doke Miami da wasa huɗu da ɗaya a zagayen ƙarshe.

Idan aka shiga zagayen fitar da gwani, inda ake karawa da ƙungiya ɗaya har sai wani ya ci wasa huɗu, lissafin yakan canja. Abokan hamayya suna da lokacin nazarin kowane ɗan wasa, kuma da zarar sun gano mai rauni a tsaro za su riƙa neman sa a kowane hari har sai an fitar da shi. Denver ta ci kofin 2023 da kusan mutum takwas, Bruce Brown da Jeff Green da Christian Braun su ne ke shigowa daga benci. Amma wannan ba doka ba ce, domin Oklahoma City da Indiana, waɗanda suka kai wasa na bakwai a zagayen ƙarshe na 2025, suna amfani da tara zuwa goma a wasanni da dama, saboda salonsu na matsa lamba da gudu yana cin ƙarfin ƙafa. Abu guda da ba na goyon baya shi ne fitar da biyar ɗin farko gaba ɗaya a zuba 'yan benci biyar lokaci guda, sai fa idan an riga an san wanda ya ci wasan. Mintoci uku na irin wannan canji sun isa su rushe ratar da aka sha wahala aka gina.

Sauran da ba sa shiga kuwa albashinsu bai tafi a banza ba. Su ne abokan atisaye, su ne kuma madogara ranar da rauni ya zo, kuma a kaka mai tsawo haka sai ya zo.

Tambaya: Muna gardama da abokina. Shi yana cewa zamanin dogayen 'yan wasa ya wuce, gajeru masu sauri da jifar maki uku su ne ke cin kofi. Ni kuma na ce ba a wasan kwando ba dogo. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kowannenku yana da hujja, kuma zan kawo wa kowa tasa. Hujjar abokinka tana zagayen ƙarshe na 2015. Cleveland tana gaban Golden State da wasa biyu da ɗaya, sai koci Steve Kerr ya ajiye dogonsa Andrew Bogut, mai tsawon mita 2.13, ya sa Andre Iguodala, wanda bai fara ko wasa ɗaya ba a duk tsawon kakar. Draymond Green, wanda tsawonsa bai wuce kusan mita 1.98 ba, ya koma tsakiya, wato matsayin dogo mai kare bakin kwando. Golden State ta ci wasa uku a jere, ta ɗauki kofinta na farko cikin shekara 40, Iguodala kuma ya zama gwarzon zagayen. Sai dai a lura da abin da ya sa tsarin ya yi aiki: Green yana iya tsare wanda ya fi shi tsawo, yana kuma iya raba ƙwallo, Stephen Curry da Klay Thompson kuwa suna jan masu tsaro nesa da kwando. Wanda ya kwaikwayi tsarin ba tare da irin waɗannan mutane ba zai samu gajarta kawai, ba zai samu amfanin ba.

Taka hujjar tana 2020. A watan Fabrairu na shekarar Houston ta rabu da dogonta Clint Capela, ta mayar da P.J. Tucker mai mita 1.96 tsakiya, wato ta rufe wa kanta ƙofar komawa tsarin dogaye. Da ta haɗu da Los Angeles Lakers a zagaye na biyu, ta ci wasan farko, sannan ta sha kashi huɗu a jere. Abin da Lakers ta yi shi ne darasin da nake so ku ɗauka ku biyun. Ta zaunar da dogayenta JaVale McGee da Dwight Howard, ta tura Anthony Davis tsakiya, shi da yake da tsawo kuma yake da sauri, sannan da ta haɗu da Denver a zagaye na gaba ta dawo da Howard domin ya yi fama da Nikola Jokić. Lakers ce ta ci kofin shekarar. Ƙungiyar da ta gina bencinta da hikima takan ajiye dogo mai ƙarfi ko da ba kullum zai shiga ba, ta kuma tara 'yan gefe masu iya tsare matsayi biyu ko uku, domin su ne ke ba koci damar sauya siffa gwargwadon wanda ke gabansa.

Tambaya: Idan gwanin ƙungiya ya yi laifi biyu tun a zangon farko, kusan kullum sai koci ya fitar da shi. Shin wannan daidai ne?

Amsa: Malam, dalilin kocin a fili yake: a NBA laifi na shida ke fitar da ɗan wasa gaba ɗaya, a dokokin FIBA kuma na biyar, don haka yana so ya adana gwaninsa saboda ƙarshen wasa. Amma ni ina ganin ana wuce gona da iri. Kocin da ya zaunar da gwaninsa minti goma don tsoron kada a kore shi ya riga ya zartar masa da hukuncin da alƙalin wasa bai yanke ba, kuma makin da aka rasa a zango na biyu daidai yake da wanda aka rasa a na huɗu. Abin dubawa shi ne wane ne ɗan wasan. Idan mai tsara wasa ne wanda ba ya yawan laifi, a bar shi a fili, a sauya masa wanda zai tsare zuwa wani marar haɗari. Idan kuwa dogo ne mai kare bakin kwando, wanda aikinsa ke tilasta masa karo da masu kutsowa, kuma laifi biyun za su sa ya riƙa janye jiki yana barin hanya, to fitar da shi na 'yan mintoci ya fi, musamman a wasan FIBA inda laifi uku kacal suka rage masa. A nan ne ake gane amfanin dogo na biyu a benci, wanda zai iya riƙe tsakiya minti shida ko takwas ba tare da ratar maki ta buɗe ba.