Likita Na Amsa: Abin da ke cikin tsofaffin littattafan magani

Tambaya: Likita, me ya sa a zanen Turawan da ake nuna likita ya ɗaga kwalba yana kallo? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Fitsari yake dubawa. Likitocin da suna da taswira mai launi wajen 20 da suke gwada shi da ita. Launi na nuna wani abu har yau: mai kamar ruwan shayi na iya zama shawara, ja kuwa jini ne sai an tabbatar ba shi ba. Amma ciwon suga ba ya nuna kansa a launi. Je a gwada.

Tambaya: Na ji an ce wani haɗin Turawa mai shekara dubu yana kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari magani. Ɗana na da hazbiya, in haɗa masa? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Kada ki kuskura, Hajiya. Haɗin maganin ido ne da ke cikin wani littafin Ingila na ƙarni na 10: tafarnuwa, albasa ko danginta, giya da ɗacin matsarmamar bijimi, a bar su kwana tara a tukunyar tagulla. A 2015 masana a Jami'ar Nottingham suka haɗa shi cikin tsaftar ɗakin gwaji, ya kashe ƙwayoyin cuta. A idon yaro, tafarnuwa ƙonawa take yi. Ki tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, ki ɗora a fatar idon minti 10, sau uku ko huɗu a yini, kada a matse. Idan ta wuce mako, ko duk fatar ta kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, asibiti.

Tambaya: Mahaifina na da yanar ido. Wani mai magani da ke zagayawa kasuwanni ya ce zai kawar da ita da allura nan take, wai aikin manyan likitocin Musulunci ne, yana cikin littattafai. Gaskiya ne? (Wani daga Gusau)

Amsa: Malam, ina roƙonka da girman Allah, kada ka bari ya taɓa idon Baba.

Yana cikin littattafai, ba musu. Abul Ƙasim al-Zahrawi na Ƙurɗuba (a ƙasar Sifen ta yau), wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana aikin a juzu'in ƙarshe na littafinsa mai juzu'i 30, inda ya zana kayan fiɗa kusan 200. Littattafan Turai na ƙarni na 12 ma sun zana majinyaci a gaban mai allura. To amma a zamaninsu babu wata hanya. Har a lokacin, Ammar al-Mausili, da ya yi aiki a Masar wajen shekara ta 1000, bai gamsu ba, ya ƙirƙiro allura mai rami don tsotse yanar ta fito waje. Wato su kansu suna neman abin da ya fi.

Ga abin da mutane ba su gane ba. Yanar ido ba fata ba ce da ta rufe ido. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai mai kamar ƙwayar wake, shi ke tattara haske. Da tsufa, ko ciwon suga, sai ya yi hazo. Mai allura ba cire shi yake yi ba. Huda gefen ido yake yi, ya tsinke zaruruwan da ke riƙe da shi, ya tura shi ya faɗa can ƙasan ido. Haske sai ya shiga, tsoho ya ce ya ga yatsu, jama'a su yi kabbara, a biya kuɗi, mai magani ya kama hanyar wata kasuwa.

Masifar daga baya take zuwa. Allurar da ba a dafa ba takan shigar da ƙwayoyin cuta, ido ya cika da mugunya cikin kwana biyu zuwa uku. Madubin da aka tura yakan fashe ya haddasa kumburi, ruwan ido ya hau, jijiyar gani ta mutu, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske na iya yagewa. Ko an tsira daga duk wannan, idon da ba madubi dishi-dishi yake gani sai da tabarau mai kauri ƙwarai. Abin baƙin ciki shi ne a ɗauki makantar da ake warkarwa a mayar da ita wadda ba ta da magani, a kuma jingina wa malaman da suka kwana suna neman sauƙi ga marasa lafiya.

A asibiti aikin bai cika wuce rabin awa ba. A kashe zafin idon, a yi 'yar ƙaramar tsaga, a fitar da madubin da ya lalace, a sa na roba wanda aka auna daidai da idonsa. Yawanci washegari ake buɗe idon. Za a ba shi maganin ɗigawa na 'yan makonni, kada ya murza, kada ruwa mai datti ya shiga. Kafin aikin a gwada suga da hawan jini. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, kuma asibitocin koyarwa duk suna yi. Na san kuɗi da nisa ne ke sa a saurari mai allura, don haka ka tambaya a babban asibitin jiha ko akwai lokacin aikin ido kyauta.

Wanda aka riga aka yi wa, ko da yana gani yau, ya je a auna ruwan idonsa. Idan ido ya yi ja da zogi, a tafi a ranar, kada a jira gari ya waye.

Tambaya: Tunda likitocin da suna zubar da jini, ƙaho zai sauke min hawan jini? (Wani direba daga Agadez)

Amsa: A'a. Su sun ɗauka cuta rinjayen ɗaya ne cikin ruwayen jiki huɗu, wato jini, majina, safra (rawayar ɗaci) da sauda (baƙin ɗaci), shi ya sa suke rage jini. Hawan jini matsi ne a jijiyoyi, jinin da wanzami ya fitar ba ya sauke shi. Ci gaba da shan maganinka, rage gishiri, kuma kada a tsaga ka da askar da ta taɓa wani, don ciwon hanta da ƙanjamau na bin ta. Ciwon kai mai tsanani ko nauyin baki, asibiti nan take.