Re: Me zan gani idan na je Hadejia?

Malam kai da kake tambaya wai ko akwai abin kallo a Hadejia ko kifi ne kawai, to wlh ka raina garin. Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da nan, tun ina yaro muke shiga cin kasuwa.

Ka fara da fadar sarki, ka samu wani dattijo ya ba ka labarin Sarki Buhari wanda ya ƙi bin Sakkwato aka yi ta turo masa yaƙi yana korawa har ya rasu a 1863, mutanen Hadejia in suna ba da labarin nan sai ka ce jiya aka yi. Sannan yaƙin Turawa na 1906, Sarki Muhammadu bai gudu ba, a nan aka kashe shi da jama'arsa da yawa. Garun Gabas ma ba nisa, ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai, koda yake in ka je yau ƙaramin gari za ka tarar.

In kana son tsuntsaye ka wuce Baturiya ta Kiri Kasamma lokacin sanyi, wasu daga Turai suke zuwa. Amma don Allah kar ka zo tsakiyar damina, kogi in ya cika yakan cinye hanya, mu kanmu kwalekwale muke hawa.

Kifin kuma ba ƙarya ba ne, ka shiga kasuwa ka sayi bandararre, sai dai ka iya ciniki don suna gane baƙo.