Tambaya da amsa: Manhaja na nuna mun ci riba, asusun banki kuma wayam

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min dan kaina ya gama ɗaurewa. Ni da abokin kasuwancina muna da ɗan ƙaramin kamfani, muna gina wa mutane shafukan intanet da manhajojin waya, mu 14 ne gaba ɗaya. Wata biyar da suka wuce manhajar da muke tsara ayyukanmu da ita ta fito da sabbin abubuwa, ɓangaren bin diddigin kuɗin shiga da kuma na rabon ma'aikata, muka ƙara kuɗi muka koma babban tsarin. Tun daga nan komai kore yake nuna mana, kuɗin shiga sai hawa yake, har ta nuna mutanenmu sun cika da aiki na wata uku masu zuwa, a kan haka muka ɗauki sabbin mutum biyu. Yanzu ga ƙarshen wata ya zo abin da ke banki ba zai biya albashi ba. Wani mai ba kamfanoni shawara ya ce manhajar ce ta tsufa, mu koma wata mai AI shi zai saita mana. Malam manhajar ce ke mana ƙarya ko wani ne ke cin kuɗin ban sani ba? Wallahi ko barci ba na iya yi.

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara ajiye zancen sata a gefe, ban ce ba ta yiwuwa ba, ki sa akanta ya haɗa bayanan banki da inbois ɗin da kuka fitar, wato takardun neman biya da kuke tura wa kwastoma, aikin yini ɗaya ne. Amma abin da kika bayyana na gan shi ya fi a ƙirga kuma kusan kullum ba ɓarawo a ciki. Manhajar ma lissafin da aka ba ta take yi, ku ne kuka karanta lambar da wata ma'ana daban.

Waɗannan sabbin abubuwan ba naku kaɗai ba ne, kusan duk masu irin wannan manhaja can suka dosa. Smartsheet sun sayi kamfanin manhajar rabon ma'aikata mai suna 10,000ft a 2019, Microsoft sun fito da Dynamics 365 Project Operations a 2020, Mavenlink da Kimble sun haɗe sun zama Kantata, ga su Teamwork da Productive da Scoro duk suna da bajet, farashin awa, hasashen riba da jadawalin wa ke kan wane aiki. Abu ne mai kyau, ni kaina ina saita wa mutane su. Matsalar tana kan kalma ɗaya da ke saman allo, wato kuɗin shiga.

Na san kin san bambancin kuɗin da aka yi aikinsa, da wanda aka fitar wa inbois, da wanda ya shigo hannu, ba zan tsaya a nan ba. Abin da nake fama da mutane a kansa kullum, har masu digiri a harkar, shi ne ɗaukar awoyin da aka ƙona a matsayin aikin da aka gama. A kwangilar da ake biya da awa babu laifi sosai, awa ta tafi kuɗinta ya hau kan kwastoma. Amma a kwangilar da aka yanke farashi tun farko, wadda nake kyautata zaton irinta kuka fi yi, da yawa daga cikin manhajojin nan in ba a canza saitin ba ga yadda suke yi: su ɗauki awoyin da aka shigar, su raba da awoyin da aka ƙiyasta tun ranar farko, abin da ya fito su ce shi ne kason aikin da aka kammala, su ninka da kuɗin kwangila. Shi ke nan. Manhajar ba ta buɗe aikin ta duba ba, ba ta san ko shafin biyan kuɗin da kuka gina yana aiki ko ba ya yi ba.

Bari in ba ki misali da lambobi na ƙirƙira dan ki gani da idonki. Kwangila ta miliyan 12, kun ƙiyasta awa 1,200, kowace awa ta tashi 10,000 kenan. Ma'aikata sun shigar da awa 900. Allo zai ce an ci kashi 75, kuɗin shiga miliyan 9, ya yi kore shar. Toh ki je ki zauna da masu aikin ki tambaye su tsakani da Allah saura nawa, su ce miki saura awa 600. Aikin na awa 1,500 ne kenan ba 1,200 ba, 900 cikin 1,500 kashi 60 ne, abin da kuka yi aikinsa miliyan 7.2 ne. Miliyan 1.8 ta ɓace ba tare da kowa ya taɓa ko kwabo ba, dama can babu ita. In kowace awa tana cin ku 7,000 tsakanin albashi da sauran hidima, ribar da kuka sa rai ta miliyan 3.6 ta koma 1.5, in kuma aikin ya ja zuwa awa 1,800 kun faɗi da 600,000. Yanzu ki ƙara da cewa kwastoma kafin alƙalami na kashi 30 kawai ya bayar, miliyan 3.6, sauran sai an miƙa aiki. Kun kashe 6.3, kun karɓi 3.6, allo yana cewa 9. Giɓin miliyan 2.7 ɗin nan daga aljihunku ya fita, ki ninka shi da yawan ayyukan da kuke riƙe da su ki ga ko bai yi kama da ramin da ke asusunku ba.

Abin da ya fi ci min rai a tsarin nan shi ne duk lokacin da aiki ya lalace a lokacin ne allon ya fi kyau. Yaro ya kwana uku yana warware kuskuren da shi ya tafka, awa 24 sun shiga, manhaja ta rubuta muku kuɗin shiga 240,000. Kwastoma ya ce a sake masa fasalin shafi karo na huɗu ba tare da an ƙara ko sisi ba, an sake, kuɗin shiga ya ƙara hawa. Tufka da warwara ake yi amma a allo ci gaba ne. Sai ranar da awoyi suka kai 1,200 lambar ta tsaya cak a miliyan 12, mutum huɗu kuma suna kan aikin har wata biyu a gaba suna cin albashi babu abin da ke shigowa, a nan ne ake kirana, ihu bayan hari.

Kuma kar wani ya ce ai haka ƙa'idar akanta ta ce. Ƙa'idar lissafin kuɗin shiga ta duniya, IFRS 15, da aka fitar a 2014 ta fara aiki 1 ga Janairu 2018, da takwararta ta Amurka ASC 606, sun yarda a auna ci gaban aiki da abin da aka kashe, gaskiya ne, amma da sharaɗin a riƙa sabunta ƙiyasin a ƙarshen kowane zangon rahoto, kuma a fili aka ce aikin da ya tafi a banza ta hanyar ɓarnar da ba a sa ta cikin farashi ba ba a lissafa shi a matsayin ci gaba. In kuma ta bayyana kwangila faɗuwa za ta yi, wata ƙa'idar akantan mai suna IAS 37 ta ce a rubuta asarar tun yanzu, ba a jira sai an gama ba. Manhajarku ba ta san wace awa ce ta ɓarna ba sai an gaya mata, kuma wa zai gaya mata? Manajan aikin da ake auna ƙoƙarinsa da koren allo?

Wannan ba ciwon ƙananan kamfanoni ba ne kawai. Toshiba ta Japan, a 2015 kwamitin bincike mai zaman kansa ya gano an kumbura riba da kusan yen biliyan 152 cikin shekaru, kuma wani babban ɓangare na abin daga nan ya fito, ana rage ƙiyasin abin da manyan kwangiloli za su ci dan kason da aka kammala ya yi sama, shugaban kamfanin Hisao Tanaka ya sauka a watan Yuli na shekarar. Carillion ta Birtaniya, mai manyan kwangilolin gine-gine, a Yulin 2017 ta fito ta ce za ta zaftare fam miliyan 845 daga darajar kwangilolinta, zuwa Janairun 2018 ta rushe da fam miliyan 29 kacal a hannu. Waɗannan suna da rundunar akantoci da masu binciken kuɗi na waje. Ku da ba ku da niyyar yaudarar kowa, kanku kawai kuka yaudara, amma lissafin iri ɗaya ne.

Sai zancen mutum biyun da kuka ɗauka. Ki buɗe jadawalin rabon ma'aikatan ki duba da kyau, zan yi mamaki in rabin abin da ya cika wata ukun nan ba ajiyar wucin gadi ba ce, wato ayyukan da ba a sa hannu ba tukuna aka kama musu mutane. Sabon salon shi ne a jona manhajar da inda ake bin cinikin da ake nema, irin su HubSpot ko Salesforce, cinikin miliyan 10 da mai talla ya ce yana da tabbacin kashi 50 sai ya bayyana a hasashe a matsayin miliyan 5. Babu kwastoman da zai ba ki 5, ko 10 ko babu. Kamfanin da ke neman ciniki ɗari wannan lissafin yana yi masa aiki dan wani ya faɗi wani ya tashi, ku da kuke jiran uku ko huɗu caca ce kawai. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, albashi kuma ba ya jiran sa hannu.

Ko a ayyukan da aka sa wa hannu ma, ganin kowa a cike kashi 100 ba abin murna ba ne. Awa 40 a mako sau 52 ya ba da 2,080 a shekara, a ciki akwai hutu, rashin lafiya, mitin, koyar da sabbi, babu mai sayar da su duka. Lissafin jira a layi da masanin lissafi John Kingman ya yi aiki a kansa tun 1961 ya nuna jira yana hawa ne kamar haka a layi mafi sauƙi: mutum na cike kashi 80 jiran ya ninka tsawon aikin sau 4, a kashi 90 sau 9, a 95 sau 19. Shi ya sa gyaran minti talatin ke kwana biyar a teburin mutum ɗaya. In kuma kun ɗauko sabbin ne dan su ceto aikin da ya makara, Fred Brooks da ya jagoranci aikin babbar manhajar kwamfuta ta OS/360 a kamfanin IBM ya faɗa tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa jinkiri yake, dan tsofaffin ne za su bar nasu su koya musu.

Shi kuma mai shawarar nan, ki tambaye shi ido da ido ko yana da kamasho a kan manhajar da yake tallata miki, da yawansu suna da shi kuma ba sa faɗa. Mutumin da bai nemi ganin kwangila ko ɗaya ba, bai tambayi yadda kuke shigar da awoyi ba, ya yanke hukuncin manhaja ta tsufa, wannan dillali ne. AI ɗin me zai karanta? Awoyin da ma'aikatanku ke cikewa ranar Juma'a da yamma daga ka, 8, 8, 8, 8, 8, da ƙiyasin da ba wanda ya taɓa tun ranar da aka ci kwangila. Zai ba ki irin lambar da kike gani yanzu da zane mai kyau, ki ƙara da wata biyu na kwashe bayanai da kuɗin saiti a lokacin da albashi ke gagararku, gudun gara a faɗa gidan zago kenan. Na taɓa shiga wani kamfani da suka canza manhaja sau uku cikin shekara biyu, a ta ukun ma na tarar gurbin awoyin da suka rage babu komai a ciki.

Wannan gurbin shi ne maganin, kuma kusan tabbas yana cikin manhajar da kuke biya yanzu. A makon nan ki zaunar da mai riƙe da kowane aiki, kar ki tambaye shi kashi nawa aka yi dan kowa 90 zai ce miki kuma a 90 ɗin zai zauna wata biyu, ki tambaye shi me da me ya rage kuma kowanne awa nawa zai ci, wanda zai yi aikin da hannunsa shi zai faɗi lambar. A shigar, a maimaita duk mako. Ranar farko allon zai yi ja, kar ki yi wa kowa faɗa, in kika yi faɗa mako mai zuwa za su dawo miki da kore kuma kin rasa gaskiyar kenan. In manhajar na ba da zaɓi, kwangilolin da aka yanke wa farashi a mayar da lissafinsu kan matakin da kwastoma ya karɓa ya amince. A kashe nuna ajiyar wucin gadi a hasashen da kike yanke shawara da shi. A jona ta da inda akanta ke aiki, Xero ne ko QuickBooks ko ma mene ne, dan ki riƙa ganin abin da aka yi, abin da aka fitar wa inbois da abin da aka biya a jere.

Albashin wannan watan kuwa ba daga saiti zai fito ba. Ki fitar da jerin duk aikin da aka gama ba a tura inbois ɗinsa ba, a irin yanayinku da wuya a rasa, a tura yau. Inbois ɗin da suka wuce wa'adi ki ɗaga waya da kanki, kar ki bar wa saƙon tunatarwa na manhaja. Duk canjin da kwastoma ya nema bayan an yi yarjejeniya a rubuta shi a sa masa farashi kafin a taɓa. Sabbin mutum biyun kar ki yi saurin sallamarsu, ki jira lambobin gaskiya su fito tukuna, in ayyukan da aka sa wa hannu kaɗai sun isa su riƙe su na wata uku toh, in ba su isa ba ki zauna da su tun yanzu ki gaya musu halin da ake ciki. Allah ya rufa asiri Hajiya, in kin shigar da awoyin da suka rage ki turo min abin da allon ya koma nunawa.