Amsa: Lokacin bin kogin Kongakut a Alaska

Malam, ka tambayi lokacin da ya fi dacewa a bi kogin Kongakut, a gandun dajin Arctic, don ganin garken barewar karibu. Tsakiyar Yuni ne, kafin sauro ya taso a ƙarshen wata.

Babu hanyar mota. Daga birnin Fairbanks sai ƙauyen Arctic Village a jirgin sama, sannan ƙaramin jirgin sama ya sauke ku kan tsakuwar bakin kogi. Ka ƙara guzurin kwana 3, domin hazo kan hana jirgin dawowa ɗaukarku.

Abinci a rufe shi a gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, a ajiye kamar mita 100 daga tanti. Ruwan kogin kuwa sanyin ƙanƙara gare shi. Don Allah ka guji tufafin auduga, in sun jiƙe suna zuƙe ɗumin jiki; ulu za ka sa. Babu sabis ɗin waya, sai wayar setilayit.